Ɗakin da Aka Hana Numfashi

A wani ƙauye can bisa tudu, inda sanyi yake da ƙarfi har da damina, an yi wani manomi. Dankalin turawa yake nomawa, da acca, da 'yar masara a bayan gida. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya sha, ba ya cin amana, ba ya fashin sujada. Aibinsa guda ne: in ya ƙulla abu a ransa, ko dattawan gari duka sun taru a kansa, ba ya kwancewa.

Shi manomin nan a ɗakin ciyawa aka haife shi, a nan kuma ya girma. Ku na yanzu da yawanku ba ku taɓa kwana a irinsa ba, sai ku tambayi kakanninku. Zagayayyen ɗaki ne na laka, da jinka a kansa. A ciki akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi. In sanyi ya tsananta sai a hura itace a ramin, gado ya ɗauki ɗumi, mutum ya kwanta ya miƙe ƙafa. Hayaƙi kuwa ya tashi, ya bi ta cikin ciyawar jinka, ya yi tafiyarsa. Ba wanda ya taɓa zama ya ce bari a yi wa hayaƙi hanya. Ɗakin ne haka yake, ta ko'ina yana shan iska.

Amma shi ya tsani ɗakin nan tun yana ƙarami. Idonsa kullum ja, rigarsa ta zuwa sujada tana ƙauri, kunkunniya tana zubo masa a tuwo. Ya yi wa kansa alkawari cewa ranar da Allah ya buɗa masa, zai gina gidan da ba hayaƙi, ba sanyi, ba zafi, sai abin da shi ya ga dama.

Allah kuwa ya buɗa masa. Dankali ya yi albarka shekara bisa shekara, aka kuma kawo wutar lantarki ƙauyen. Sai ya gina gida na bulo da siminti, ya rufa da kwano, ya sa silin fari fat. Tagogi na gilashi ne, kowace da ƙarafuna saboda ɓarayi. Ɗakin kwana kuwa ya sa masa ƙofar ƙarfe mai sakata, wadda ko sa ya tunkuɗe ta ba za ta motsa ba. Da ya gama, ya tafi birni ya cika akori-kura da kaya. Ga fankar sama, ga fankar tsaye mai juya kai hagu da dama kamar tana gaisuwa. Ga hita ta ɗumama ɗaki, mai jan ƙarfe a ciki. Ga kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda ake ce wa esi. Esi fa, jama'a, a garin da ko da bazara sai an ja bargo kafin gari ya waye!

Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo. Ya kunna wannan su ce, "Kai!" Ya kunna wancan su ce, "Tabɗi!" Wata tsohuwa ta tsaya gaban esi, sanyi ya buge ta, ta ja mayafi ta ce, "Yaro, sanyin da muke gudu shi ka je ka sayo a akwati?" Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma a ransa daɗi yake ji.

To, maginin da ya yi gidan ya bar 'yan ramuka a saman bango, dab da silin, da irin bulon nan mai huji-huji, don iska ta riƙa shiga tana fita. Mai sayar da esi kuwa ya ce wa manomin in ya kunna ya rufe ƙofa da taga, kada sanyin ya tsere. Magana ce daidai, amma manomin ya ɗauke ta ya wuce da ita gona da iri. Ya kwaɓa siminti, ya hau tsani, ya shiga liƙe ramukan nan ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabcinsa, wani dattijo mai suna Dogara, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Maƙwabci, ka bar ko guda mana."

Ya amsa daga kan tsani ya ce, "Baba Dogara, sanyin da na yi gumi na samu zai bi ta nan ya tafi wa tsuntsaye? Ina! A gidan nan iska ba ta shiga sai na ce ta shiga."

Dogara ya ce, "To, madalla," ya koma ga awakinsa.

Manomin yana da mata, sunanta Afiniki. Sun daɗe da aure, ba haihuwa. Ta sha kuka a ɓoye, zumuntar mata sun sha azumi tare da ita, har wasu sun fara gajiya da addu'ar. Ga shi kuwa, a shekarar da suka shiga sabon gida, Ubangiji ya tuna da ita. Ta yi ciki, ta haifi ɗa namiji a tsakiyar marka, lokacin da ruwa yake wuni yana zuba, rana ba ta ko leƙowa. Murnar manomin nan ba ta faɗuwa. In yaron ya tsala kuka, shi dariya yake yi, ya ce, "Ku ji murya! Wannan mai wa'azi ne." Yaron kuwa akwai kuka, ba a jimawa ba a ji shi ba.

Mahaifiyar manomin ta zo zaman jego, da ƙullin kanwarta da ganyen wanka. Tsohuwa ce mai riƙon al'ada, kuma al'adar kun san ta: mai jego ba ta rabuwa da ɗumi. Ruwan wanka mai zafi, kunun kanwa mai zafi, wuta kusa da gado, iska kuwa ko kaɗan kada ta taɓa ta, don kada sanyi ya shige ta. Da fari ba matsala, hita tana aiki, ɗaki ya yi ɗumi. Tsohuwa dai tana hararar akwatin.

Ana cikin haka aka yi iska mai ƙarfi, ta kayar da turakun wutar lantarki a bakin rafi. Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, esi ya yi shiru, hita ta huce ta yi sanyi ƙalau. Gidan siminti kuwa in ya ɗauki sanyi, ya fi na laka nesa ba kusa ba. Da safe tsohuwa ta taɓa ƙafar Afiniki ta ji ta kamar an tsamo ta daga randa. Ta fito ta sami ɗanta a ƙofa.

Ta ce, "Ɗan nan, akwatunanka sun mutu. Kawo itace in hura wa yarinyar nan wuta."

Ya ce, "Itace, Mama? A ƙarƙashin silin ɗin nan? Ai kafin yamma ya koma baƙi ƙirin."

Ta ce, "Silin ne ya haihu ko 'yata? Kai da kake magana, a kan gadon wuta na yi jegonka, ga ka nan ƙato."

Ya san tana da gaskiya. Can sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Na samo dabara, Mama. Gawayi! Ga zafi, ba hayaƙi. Ke kin sami wutarki, ni na sami silina."

Ya ɗauko babban kasko, ya cika shi da gawayin kirya, ya hura, ya yi ta fifita har garwashi ya yi jajawur. Ya shiga da shi ya ajiye kusa da gado. Nan da nan ɗaki ya ɗau ɗumi. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce, "Kin gani? Ko ɗigon hayaƙi babu."

Afiniki ta gyara wa jariri zani ta ce, "Sannu, maigida. Har na ji daɗi a ƙashina."

Wannan magana ta ƙara masa ƙaimi. Ya duba tagogi, a rufe suke gam. Ya saki labule. Ya kawo tsummoki ya nuna wa mahaifiyarsa inda za ta cusa a ƙarƙashin ƙofa. Ya ce, "In na fita ki sa sakata, Mama. Masu barka suna ta buɗe ƙofa suna fitar mana da ɗumi. Su jira in dawo."

Tsohuwa ta ce, "Yau ka yi maganar hankali."

Kun gani, ba mugunta a ran ko ɗayansu. Uwa ta kawo al'adar ɗakin ciyawa, ɗa ya kawo ɗakin da ba huji, kowa yana ganin ƙauna yake nunawa.

Manomin ya saɓi diga ya tafi gona, don ruwa ya kwanta a tsakanin kunyoyin dankali, in ba a buɗe masa hanya ba amfanin zai ruɓe. Niyyarsa ya wuni can. Amma bai yi nisa da aiki ba sai ruwa ya ƙaru, ya kece kamar da bakin ƙwarya, har ba ya ganin ƙarshen kunya. Ya yi tsaki, ya yi gunaguni a kan ruwan da ya ɓata masa aiki, ya saɓi digarsa ya juyo gida.

Da ya iso ya tarar da mata masu barka a raɓe ƙarƙashin baranda, da kwanukan abinci a hannu. Ɗayarsu ta ce, "Sannu da ruwa, Baban jariri. Mun yi ta sallama, shiru. Barci suke, mun ce a ƙyale su, mai jego tana bukatar hutu."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ɗakin ne ya yi daɗi." Har ya juya zai je ya sāke riga, sai ya tsaya. Ya kasa kunne. Ana ta sallama, ana ta buga ƙofar ƙarfe, ruwa yana dukan kwano, yaron nan mai kuka bai ce uffan ba? 

Ya zaga wajen taga, ya manna fuska a gilashi, ya leƙa ta gefen labule. Ga mahaifiyarsa zaune ta jingina da bango, kanta ya karkace a kafaɗa. Ƙwaryar kunu ta kife a cinyarta, kunun ya zube a zaninta, ita kuwa ko motsi. Ga Afiniki a gado, hannunta yana lilo a gefe. Jariri yana kusa da ita, shiru. A tsakiyar ɗaki kasko yana ta ci jajawur.

Ya ƙwala kira, "Mama! Afiniki!" Ya doki gilashi da tafin hannu. Ba wanda ya ɗaga kai. Ya ruga ga ƙofa, ya buge ta da kafaɗa, ya sāke bugu. Dogara ya ji ihu ya tsallako, su biyu suka haɗa ƙarfi. Ƙofar nan da ya yi ta fahariya da ita ta tsaya daram, ta hana maigidanta shiga.

Ya komo taga, ya ɗaga diga, ya sauke a kan gilashi. Gilashi ya tarwatse. Wani irin huci mai nauyi ya fito ya bugi fuskarsa, ba hayaƙi, ba wari, amma nan take kansa ya sara, jiri ya ɗebe shi. Sai abin ya faɗo masa a rai. Ya tuna yadda suke kama gafiya a gona: a toshe ramukanta duka, a sa wuta a baki guda, a jira. Ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo Allah! Na toshe ramuka, na sa wuta! Abin da ake yi wa gafiya na yi wa iyalina!"

Ya kama ƙarafunan taga ya jijjiga, ko gezau. Dogara ya ce, "A tura a kira mai walda daga gari ya yanke ƙarfen."

Ya ce, "Kafin ya zo fa, Baba? Matsa!"

Ya ja da baya, ya dubi bangon nan mai sabon fenti, bangon da ba ya yarda ko akuya ta goga jiki da shi. Ya ɗaga diga da iyakar ƙarfinsa ya ce, "Ya Ubangiji, taimake ni!" Ya sauke. Siminti ya tsage. Ya sāke saukewa, bulo ya ɓurma. Dogara ya sunkuci taɓarya ya shiga duka. Maza suka fito daga gidaje, wani da guduma, wani da gatari. Mata suka ajiye kwanuka suka durƙusa cikin ruwa suna addu'a da ƙarfi, kowace tana kiran sunan Yesu. Manomin yana duka yana cewa, "Ku fasa! Ku fasa duka! Kada ku ji tausayinsa!"

Da rami ya isa kafaɗar mutum, ya ja dogon numfashi ya riƙe, ya kutsa a kan fasassun gilashi da bulo. Tafin hannunsa ya yayyanke, bai ko sani ba. Ya zare sakata, ya yaye tsummoki, ya wangale ƙofa. Ya sunkuci jariri ya fito da shi a guje. Maza suka shiga suka ɗauko Afiniki da tsohuwa. Dogara ya naɗe hannu da riga, ya jawo kaskon ya watsar da shi tsakar gida, garwashi ya yi ta cuu a cikin ruwa.

Matan suka taso da zannuwa. Ɗaya ta ce, "Mai jego a waje cikin marka? Haba! Sanyi zai shige ta! A kai su ɗakina, akwai wuta."

Manomin ya tare hanya ya ce, "Ba inda za su! Ku kwantar da su nan baranda, ku ba su fili. Iskar ce suka rasa. Ku kawo faifai ku yi fifita!"

Ba su taɓa jin muryarsa haka ba, sai suka bi. Aka shimfiɗa tabarma, aka lulluɓa musu ƙafafu, aka bar fuska a buɗe. Iskar nan mai sanyi da suka yi ta gudu tana kaɗawa a kansu, mata suna fifita da faifai da murfin kwano.

Tsohuwa ce ta fara. Ta yi tari, ta yi amai, ta buɗe ido ta dubi zaninta ta ce, "Wa ya zubar mini da kunu?" Wasu suka fashe da dariya suna hawaye. Jim kaɗan Afiniki ta ja numfashi, ta motsa kai, ta laluba gefenta. Da ta ji wayam sai ta ce, "Maigida, ina ɗana?"

 Yaron yana hannun ubansa, jikinsa a sake, idonsa a rufe.  Manomin ya durƙusa a bakin baranda inda iska ta fi kaɗawa, ya kwance zanin da ke ƙirjin yaron, yana murza masa baya, yana hura masa iska a fuska. Hawaye suna zuba, ya ce, "Ya Uba, kai ka ba da shi. Ni na toshe, kai ka buɗe. Laifina ne, ba nasa ba. Ka ba shi numfashi."

Ya murza, ya hura, ya sāke murzawa. Sai ɗan ƙirjin nan ya ɗaga. Yaron ya yamutsa fuska, ya dunƙule hannu, ya wage baki ya tsala kuka, kukan da aka ji har bayan katanga.

Kai, jama'a! Guɗa ta tashi. Mata suka miƙe suna rawa cikin taɓo, zannuwa sharkaf, ba wadda ta damu. Dogara, dattijo da furfura, ya ɗaga taɓarya sama yana ihu, "Halleluya! Allah ya yi!" Manomin ya ɗora yaron a ƙirjin uwarsa, ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana kuka. Sai a lokacin ya ga jini a hannunsa.

Aka samo mota aka kai su ƙaramin asibiti, aka sa musu robar iska a hanci. Ma'aikaciyar jinya ta ce musu gawayi in yana ci yana fitar da wata guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. In ɗaki yana da mafita sai ta fice, in babu sai ta taru, ta sa mutum barci mai daɗi, daga nan ya wuce. Ta ce da an ƙara ɗan lokaci da labari ya sha bamban. Suka kwana biyu, aka sallame su duka ukun lafiya lau.

Ranar suna manomin ya ƙi a gyara bangon. 'Yan'uwa suka ce a rataya ko tabarma ce a rufe ramin, don baƙi. Ya ce a bar shi haka. Duk wanda ya zo sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin, ya ce, "Dubi inda Allah ya bi ya shigo gidana." Zumuntar mata suka zo da tulunansu da gangunansu, suka cika tsakar gida da waƙa, har ta ramin nan aka riƙa miƙo kwanukan shinkafa. Aka raɗa wa yaro suna Allahnanan.

Bayan suna ya sāke hawa tsani, ya ɓalle simintin da ya liƙe ramukan sama da shi. Ramin da ya fasa ya mai da shi babbar taga. Ya sa aka gina masa murhu mai bututu wanda yake kai hayaƙi bisa rufi, ya kafa 'yar fanka a bangon kicin mai zuƙe iskar ciki ta fitar waje. Fankarsa da hitarsa da esinsa bai yar da ko ɗaya ba, da aka dawo da wuta ya ci gaba da morarsu. Kaskon gawayi ne dai bai ƙara shiga ɗakin kwana ba.

Yanzu ku gyara zama, 'yan'uwa, in warware muku misalin, don ma'anarsa tana kanmu.

Ɗakin nan zuciyar mutum ce. Fanka da hita da esi kuwa kyautai ne na Allah, irin su lafiya da aiki da ilimi da abin hannu. Ba su ne suka kusa kashe kowa ba, kada wani ya koma gida ya ce an ce fanka zunubi ce. Masifa ta fara ne ranar da mutum ya hau tsani ya liƙe ramuka. Wato ranar da ya ce na isa, ba na bukatar gargaɗin kowa. Addu'a ya liƙe ta, Maganar Allah ya liƙe ta, zumunci da 'yan'uwa ya liƙe shi, dattijo ya ce ka bar ko guda mana, ya ce a gidan nan ni ke da iko.

Gawayin kuma fa? Shi ne zunubin da ba ya hayaƙi. Wanda yake hayaƙi, irin su sata da maye da faɗa a kasuwa, kowa yana gani, ido yana yaji, a tashi a kashe. Amma akwai wanda ake shiga da shi ɗaki a sa sakata. Riƙon da ka yi wa ɗan'uwanka tun rabon gonar ubanku. Ƙyashin da kike ji in maƙwabciyarki ta ɗaura sabon zani. Abin da kake yi a ɓoye, ka zo ran Lahadi ka fi kowa ɗaga murya. Yana da ɗumi, ai shi ya sa ake son sa. Ba ya ɓata silin, mutane su shigo su ga fari fat su yaba. Kuma ku lura da wannan, don shi ne abin tsoro: waɗanda suke cikin ɗakin nan ba su ji zafin mutuwa ba. Barci suka ji, mai daɗi. Ba wanda ya yi ihu a cikinsu. Da jira aka yi su buɗe da kansu, da har yau ana jira.

Nan ne bisharar take, ku buɗe kunne! Ubangijinmu bai tsaya a baranda yana cewa a ƙyale su suna hutawa ba. Manomin nan shi ya toshe, shi ya fasa. Amma mu, mu muka toshe, wani dabam ya zo ya fasa, wanda ba shi da laifi ko kaɗan. Yesu ya ga mun sa sakata ba mu da ƙarfin zarewa, sai ya shigo ta inda ya ji masa ciwo, hannuwansa suka yi jini, ya ɗauke mu ya fito da mu sarari. Ruhun Allah ya hura mana numfashi, muka farka. Mutuwa ta riga ta shimfiɗa mana tabarma, aka ƙwace mu daga hannunta da rana tsaka, tana ji tana gani!

Saboda haka in ka ji ana dukan bangonka, kada ka yi fushi. Wata rana wa'azi ne zai soke ka, wata rana matarka ce za ta gaya maka gaskiya, wata rana abin da ka dogara da shi ne zai tsage. Za ka ji sanyi, gaskiya ne, iskar farko ba ta da daɗi. Kada ka ce a mai da kai wurin wuta. Ka buɗe baki ka shaƙa.

Ku kuma da aka riga aka fitar, ba don ku tsaya kallo aka ba ku numfashi ba. Kowannenku ya san wata ƙofa da ta yi shiru kwanan nan: wani da ya daina zuwa sujada, wata da ta daina dariya, wanda kullum aka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Yau in an tashi, kafin ku ci tuwo, ku je ku buga. In an yi shiru kada ku juya ku ce barci yake. Ku leƙa, ku kira sunansa, ku kira 'yan'uwa su zo da addu'a, ku yi ta bugawa har ku ji kuka daga ciki. Mai kuka yana da rai, kuma a ranar nan za a yi guɗa a duniya, a yi a sama. Amin.